USS Stark da mai sunan: me ya sa aka karrama Admiral Stark bayan abin da ya faru a Pearl Harbor?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masana tarihin soja na wannan zaure ce. Jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Stark, wanda jirgin saman Iraƙi ya harba wa makamai masu linzami biyu a Tekun Fasha ranar 17 ga Mayu 1987 har sojoji 37 suka mutu, sunan Admiral Harold Stark aka sa masa. Shi kuwa wannan Admiral shi ne shugaban rundunar sojan ruwan Amurka ranar da Japan ta afka wa Pearl Harbor, tashar jiragen yaƙin Amurka da ke Hawaii, a 1941, kuma kwamitin binciken rundunar ya same shi da gazawa wajen isar da bayanan sirri ga kwamandan da ke Hawaii. Ta yaya mutumin da aka samu da irin wannan za a ƙera jirgi a sa masa sunansa? Sannan shi kyaftin ɗin jirgin, da ya yi sakaci na 'yan mintoci a 1987, aka raba shi da aikinsa. Ni a ganina ƙarami ake hukuntawa, babba kuwa a karrama shi. Ko akwai abin da ya shige mini duhu?

Bakatsine77:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, Iraƙi ko Iran? Ni dai na san da Iran Amurka take ta kai ruwa rana a tekun nan.

Malam_Tarihi:
Iraƙi ce, Bakatsine. A lokacin ma Amurka ta fi karkata ga Saddam Hussein, don tun 1984 suka mayar da huldar jakadanci. Yaƙin Iran da Iraƙi ya fara a Satumban 1980, da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a tudu sai suka koma kan jiragen dakon mai. Iraƙi na harbin tankokin da ke ɗaukar man Iran daga tsibirin Kharg, Iran kuma na ramawa kan jiragen da ke zuwa Kuwaiti da Saudiyya saboda suna taimaka wa Saddam da kuɗi. Matuƙan Iraƙi kan tashi da daddare, su bi gaɓar Saudiyya su yi kudu, su juya gabas, duk abin da rada ta nuna musu mai girma su sakar masa makami su juya gida. Ba sa tsayawa ganin tuta. A irin wannan ne aka samu Stark. Iraƙi ta ce kuskure ne, ta ce jirgin yana cikin yankin da ta ayyana na yaƙi, Amurka ta ce yana wajensa. Saddam ya aika da takardar ba da haƙuri, amma ba a bar Amurkawa sun yi wa matuƙin tambayoyi ba.

Bakatsine77:
Ikon Allah. Wato aboki ne ya yi ɓarnar.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Bari in ɗan sa baki, tunda na ci abinci a wannan sana'a kafin in yi ritaya, kuma labarin Stark yana cikin abin da ake koyar da mu a kwas.

Wajen ƙarfe tara na dare abin ya faru. Ba a ce jirgin Iraƙin ya zo musu ba zato ba. Jirgin leƙen sararin samaniya na Amurka, AWACS, da ke tashi daga Saudiyya ya gan shi tun yana nesa, ya sanar da jiragen ruwan da ke yankin. Radar Stark ita ma ta kama shi. Sun kalle shi yana juyowa, yana matsowa. Sau biyu suka kira shi ta rediyo ya faɗi ko shi wane ne, bai amsa ba, kuma kiran ya zo a makare. Ba a juya jirgin don bindigoginsa su fuskanci inda haɗarin yake ba. Bindigar kare kai mai sarrafa kanta, Phalanx, ba a sa ta a shirin harbi ba. Kyaftin Glenn Brindel ba ya ɗakin sarrafa yaƙi a lokacin, kuma wasu kujerun ɗakin babu kowa a kansu. Mai gadi da ke tsaye a gaban jirgi shi ya hango haske yana tahowa a kan ruwa ya yi ihu.

Makami na farko ya shiga ta gefen hagu, bai fashe ba, amma man rokarsa ya ci gaba da ci da wuta a cikin ɗakin kwanan ƙananan sojoji. Ba a kai rabin minti ba na biyu ya shigo kusan wuri ɗaya, shi ya fashe. Yawancin waɗanda suka mutu suna kan gadajensu ne ko suna shirin kwanciya. Stark bai harba ko harsashi ɗaya ba.

Ummu_Khalil:
Innalillahi. Matasa ne fa yawancinsu, wasu uwa ta haifa. Baba, abin da ban gane ba shi ne, tunda sun gan shi tun da nisa, me ya hana su harbo shi?

Tsohon_Sojan_Ruwa:
'Yata, ba ƙaramin abu ba ne ofisa ya harbo jirgin ƙasar da gwamnatinsa ba ta yaƙi da ita, balle wadda ake ɗauka kamar ta gida. Jiragen Iraƙi sun saba wucewa ta wurin dare da yawa ba su taɓa Amurkawa ba. Idan mutum ya ga abu sau da yawa bai cuce shi ba, zuciyarsa kan saki. Amma dokar da aka ba su ta yarda su kare kansu idan sun ga alamar mugun nufi, kuma kwanaki kaɗan kafin nan an yi musu bayani a Bahrain cewa matuƙan Iraƙi na harbi ba tantancewa. Ko ba su harbo shi ba, da sun haska shi da radar saita makami tun da wuri, matuƙin zai ji ƙarar a kunnensa ya san jirgin yaƙi ne a gabansa ba tanka ba.

Injiniya_Sani:
Ina so in ƙara wani abu ta fannin na'ura, don a yi wa mutanen adalci. Makamin Exocet ne, ƙirar Faransa. Yana tafiya dab da saman ruwa da gudun da ya kusa na sauti, kansa na ɗauke da abin fashewa kilo 165. Daga inda ido ko rada za su iya hango shi zuwa ya iso, daƙiƙoƙi ne. Shi ne ya halaka jirgin Birtaniya HMS Sheffield a yaƙin Falklands a Mayun 1982, mutum 20 suka mutu, jirgin ya nutse bayan kwanaki ana jansa.

Shi Stark yana cikin jerin jiragen da ake kira ajin Oliver Hazard Perry. Amurka ta ƙera wa kanta 51. An tsara su ne su yi arha, su raka jiragen kaya, su farauci jiragen ƙarƙashin teku. Tsawonsa kusan mita 136, farfela ɗaya, injin gas biyu irin na jirgin sama. Phalanx ɗin guda ɗaya ce kuma a baya take, saman rumfar helikwafta, don haka abin da ya taho ta gaba ginin jirgin kan tare mata. Makaman kuwa ta gaba ta hagu suka zo. Brindel ya dage cewa radodinsa ba su nuna makaman ba sam. Wannan gaskiya ne, amma masu bincike sun ce da an juya jirgin tun farko da na'urorin sun samu damar gani.

Abu_Fatima:
An ce jirgin yaƙi samfurin Mirage ne ya kai harin, amma na taɓa karanta cewa ba Mirage ba ne ma ya harba.

Injiniya_Sani:
Rahoton Amurka Mirage F1 ya ce. Daga baya wasu masu bincike suka ce ƙaramin jirgin fasinja ne, Falcon 50, da aka sake wa fasali aka sa masa radar Mirage, shi ya sa ya iya ɗaukar Exocet biyu. Dukansu dai kamfanin Dassault ne ya ƙera.

Ɗan_Kwana_Kwana:
Ni abin da ya fi taɓa ni a labarin nan abin da ya biyo bayan harin ne, don kashe gobara ne aikina. Gobara a gida za ka iya ja da baya ka tsaya a titi ka watsa ruwa. A cikin jirgi ba titi. Ƙarfe yana ɗaukar zafi ya kai shi ɗaki na gaba, sai ka ga wuta ta tashi a inda harshenta bai kai ba. Saman Stark na alminiyam ne, wanda ke narkewa da wuri. Fashewar ta fasa bututun ruwan kashe gobara na gaba. Ga ma'ajiyar makamai masu linzami nan kusa, in zafi ya kai ta an gama. Sannan duk ruwan da ka zuba yana taruwa a cikin jirgin, yana ƙara karkatar da shi. Sun kwana suna fama har washegari, da mesa a hannu cikin hayaƙi, alhali gawarwakin abokansu na ciki.

Na taɓa shiga wani sito da ya kama da wuta da iskar numfashi a baya, ban iya ganin tafin hannuna ba, zafi na shiga ta takalmi. Ban daɗe ba aka ja ni waje aka canza ni. Su ba mai canjinsu sai da wasu jiragen suka iso.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Haka ne. USS Waddell da USS Conyngham ne suka kawo ɗauki. Kuma a nan Brindel ya nuna ya san aikinsa: jirgin ya karkata hagu inda ramin yake, sai ya sa aka cika wasu ɗakunan dama da ruwa don ramin ya tsaya sama da teku. Aka ja shi zuwa Bahrain, jirgin gyara USS Acadia ya yi masa faci, ya koma Mayport a Florida da injinsa. Sheffield makami ɗaya ya same shi ya nutse, Stark biyu ya sha ya koma gida.

Mai_Nazari:
To Baba, ka ga ka ƙara ƙarfafa maganata. Mutumin da ya ceci jirgin shi aka cire. Kwamitin Rear Admiral Grant Sharp har shawara ya ba da a kai shi kotun soja, shi da Laftana Basil Moncrief da ke riƙe da ɗakin yaƙi a daren. A ƙarshe takardar tsawatarwa aka ba su, Moncrief ya ajiye aiki, Brindel ya yi ritaya da muƙamin da bai kai kyaftin ba. Shi kuwa mai sunan, a zamaninsa aka kashe Amurkawa sama da 2,400 a safiya ɗaya. Har yanzu ba wanda ya amsa mini wannan.

Malam_Tarihi:
Bari in gwada, amma sai an yi haƙuri da tsawo, don ba a auna mutumin nan da rana ɗaya.

An haifi Harold Stark a 1880 a Wilkes-Barre ta jihar Pennsylvania, ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis a 1903. A yaƙin duniya na farko, a 1917, ya jagoranci wasu tsofaffin ƙananan jiragen yaƙi tun daga Filifin har Bahar Rum don farautar jiragen ƙarƙashin teku na Jamus, sannan ya yi aiki a Landan ƙarƙashin Admiral William Sims. A nan ya san Turawan Ingila, suka san shi. Shugaba Roosevelt ya naɗa shi shugaban rundunar ranar 1 ga Agusta 1939, wata ɗaya kafin Hitler ya shiga Poland.

Abu biyu ya yi da suka sa ake tunawa da shi. Da Faransa ta faɗi a Yunin 1940, ya je majalisa ya nemi a faɗaɗa rundunar da kashi 70 cikin ɗari, aka amince a Yuli. Manyan jiragen da suka murƙushe Japan a 1943 da 1944 yawancinsu daga wannan doka suka fito. Jirgin yaƙi shekaru ake yi ana ƙera shi, da an jira sai bayan Pearl Harbor da yaƙin ya ƙara tsawo. Na biyu, a Nuwamban 1940 ya rubuta takardar shawara da ake kira Plan Dog, wadda ta kai ga Roosevelt, inda ya ce idan Amurka ta samu kanta tana yaƙi a tekuna biyu, ta fara gamawa da Jamus, ta riƙe Japan da kariya kawai. Wannan shi ne tsarin da ƙawayen suka bi har ƙarshen yaƙi.

Bayan an ba Admiral Ernest King kujerarsa a Maris 1942, an tura shi Landan ya shugabanci sojan ruwan Amurka na Turai. Shi ya kula da tara jirage da horar da mutane don tsallakawa Normandy, a gaɓar Faransa, a Yunin 1944, shi ne kuma mai shiga tsakanin Amurka da Janar de Gaulle, jagoran Faransawa masu yaƙi da mamayar Jamus, wanda Roosevelt ba ya jituwa da shi. Ya rasu a 1972. Waɗanda suka zaɓi sunan shekaru kaɗan bayan rasuwarsa wannan duka suka duba.

Abu_Fatima:
Malam, duk na yarda da wannan, amma ka tsallake wurin da ciwon yake. Amurka tana karanta saƙonnin sirrin jakadancin Japan tun kafin harin, kuma a Washington ake karanta su, ba a Hawaii ba. A Satumban 1941 Tokyo ta umarci ofishin jakadancinta na Honolulu ya raba tashar Pearl Harbor gida-gida, ya riƙa faɗin inda kowane jirgi yake ɗaure. An fassara saƙon a Oktoba. Ba a aika wa Admiral Husband Kimmel, kwamandan rundunar a Hawaii, ba, shi da jiragen ke hannunsa. Wanda yake son sanin ko jirgi ya fita ko ya shigo ba ya tambayar a wane turke aka ɗaure shi. Mai shirin jefa bam ne ke wannan tambaya.

Sannan safiyar Lahadi 7 ga Disamba, an kawo wa Stark saƙon da ke cewa jakadan Japan ya miƙa takardar yanke tattaunawa da ƙarfe ɗaya na rana agogon Washington, wato bakwai da rabi na safe a Hawaii. Ga tarho a gabansa. Bai kira Kimmel ba. Gargaɗin da Janar Marshall, shugaban sojan ƙasa na Amurka, ya aika ta tangarahon 'yan kasuwa ya bi, ya isa hannun kwamandoji bayan an gama ɓarna.

Malam_Tarihi:
Ban musa ko ɗaya ba. Amma a haɗa da cewa ranar 27 ga Nuwamba ofishin Stark ya aika wa Kimmel saƙo da ya fara da cewa a ɗauke shi a matsayin gargaɗin yaƙi. Matsalar saƙon ita ce wuraren da ya lissafa, Filifin da Thailand da Borneo, babu Hawaii a ciki. Kowa a Washington kudu yake kallo, don can aka ga ayarin jiragen Japan sun nufa. Kuma a safiyar nan Stark ya yi wa Marshall tayin a aika saƙon ta hanyar sadarwar sojan ruwa, Marshall ya ce tasu za ta isar.

Batun cewa ba a taɓa shi ba, wannan ba haka ba ne. Bayan binciken 1944, King ya rubuta cewa kada a sake ba Stark ko Kimmel muƙamin da ke buƙatar zurfin hangen nesa, kuma aka buga wannan a fili a 1945. Ga mutumin da ya yi shekara arba'in da ɗoriya a aiki, ba ƙaramin tabo ba ne. Daga baya King ya janye zafin maganar a kan Stark.

Abu_Fatima:
Tabo a takarda daban, a tuɓe maka taurari daban. Kimmel an cire shi cikin kwana goma, ya koma tauraro biyu, ya yi ritaya a 1942, jama'a na aiko masa da wasiƙun zagi. Stark ya tafi Landan da taurarinsa huɗu. Abokai ne fa na shekaru, amma Kimmel bai sake yarda da shi ba. Sai a Mayun 1999 majalisar dattawan Amurka ta kaɗa ƙuri'ar neman a wanke Kimmel da Janar Short, kwamandan sojan ƙasa na Hawaii a ranar harin, kuma ba shugaban da ya aiwatar.

Ɗan_Zinder:
Ni dai na ce sunan ne ya bi jirgin. Mai suna an gargaɗe shi bai motsa ba, jirgi an gargaɗe shi bai motsa ba.

Ummu_Khalil:
Haba ɗan'uwa, wannan camfi ne. USS Samuel B. Roberts, ɗan ajinsu ɗaya, sunan wani jarumi aka sa masa da ya mutu yana ceton 'yan'uwansa, amma ya taka nakiyar Iran a tekun nan a Afrilun 1988. Abin da Allah Ya ƙaddara ba ruwansa da suna.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Mai_Nazari, ina jin zafin da kake ji, amma bari in gaya maka yadda mu muke kallonsa. A teku kyaftin shi ne komai. Ko yana barci aka yi karo, shi za a tambaya, don shi ya horar da wanda ke gadi, shi ya sa hannu a jadawalin. Kowane kyaftin ya san da haka ranar da ya karɓi jirgi. Na yi aiki ƙarƙashin wani oga da kan shigo ɗakin rada tsakar dare ba sanarwa, ya nuna ɗigo ɗaya a allo ya ce mene ne wannan, ina ya nufa, me za ka yi in ya juyo. In ka yi inda-inda, gadinka ya ƙaru. Mun tsane shi a lokacin. Amma a jirginsa ban taɓa ganin kujera babu kowa ba.

Laifin Brindel ana iya nuna shi da yatsa: ga na'ura, ga mintin, ga wanda ya kamata ya zauna. Laifin mai ofis a babban birni yana warwatse tsakanin mutane da yawa da takardu da yawa, shi ya sa da wuya a kama mutum ɗaya. Ban ce adalci ne ba. Amma ba zan yarda a ce bai kamata a cire Brindel ba don kawai ba a hukunta Stark daidai ba.

Gimbiyar_Arewa:
Ina bin muhawarar nan tun safe, kuma akwai mutum 290 da ba wanda ya ambata. Bayan Stark aka sassauta wa kyaftocin Amurka dokar harbi, kowa kuma ya ga yadda aka yi da Brindel. Ranar 3 ga Yuli 1988 USS Vincennes ya harbo jirgin fasinjan Iran da ya tashi daga Bandar Abbas zuwa Dubai, suna zaton jirgin yaƙi ne F-14. Duk wanda ke ciki ya mutu, 66 yara ne. Jirgin yana kan hanyarsa ta kullum, yana hawa sama, amma a ɗakin yaƙi aka ce saukowa yake. Kyaftin Will Rogers ba a hukunta shi ba, a 1990 ma lambar yabo aka ba shi kan shugabancin jirgin. Wanda bai harba ba ya rasa aikinsa, wanda ya harba ya kashe fararen hula ya samu lamba. Wace tarbiyya ke nan ake ba na baya?

Injiniya_Sani:
Hajiya ta taɓo wuri mai nauyi. A Vincennes na'urar ta rubuta daidai cewa jirgin hawa yake, mutane ne suka ga abin da suke tsoro. Suna kuma tsakiyar musayar wuta da ƙananan kwale-kwalen Iran a lokacin, a cikin ruwan Iran.

Bakatsine77:
An biya diyya kuwa?

Malam_Tarihi:
Iraƙi ta amince a 1989 ta biya dala miliyan 27.3 ga iyalan mutum 37 na Stark. Amurka kuma a 1996 ta amince ta biya dala miliyan 61.8 ga iyalan Iraniyawan da suka mutu a jirgin fasinjan, ba tare da ta amsa laifi ba. Wani abin lura, bayan harin Stark fushin gwamnatin Reagan kan Iran ya sauka, ba kan Iraƙi ba, da hujjar ita ce ta ƙi a tsagaita wuta. A Yulin 1987 aka fara rakiyar tankokin Kuwaiti 11 da aka sa wa tutar Amurka, kuma a tafiyar farko babbar tanka Bridgeton ta taka nakiya.

Ɗan_Zinder:
Baba Tsohon Soja, jirgin Najeriya Aradu irin su Stark ne?

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Rukuninsu ɗaya, kuma sa'o'in juna ne, duka a 1982 suka shiga aiki. Amma Aradu ƙirar Jamus ce, kamfanin Blohm + Voss na Hamburg, samfurin MEKO 360. Ya je bikin cika shekara 200 da yaƙin Trafalgar a Ingila a 2005. Mu dai ba mu cika sa wa manyan jirage sunan mutum ba, sai dai sansani, kamar NNS Wey a Legas da ke ɗauke da sunan Vice Admiral Akinwale Wey.

Ummu_Khalil:
Shi Stark ɗin ya sake aiki bayan haka, ko ajiye shi aka yi?

Injiniya_Sani:
Ya sake, Malama. A Pascagoula ta jihar Mississippi aka gyara shi kan dala miliyan 142, ya koma aiki a 1988. Asali a Seattle aka ƙera shi, an fara a 1979, an saka shi a ruwa a 1980, ya shiga aiki ranar 23 ga Oktoba 1982. Bayan gyaran ya shiga ayarin NATO na Tekun Atlantika a 1990, ya koma Tekun Fasha a 1991, ya yi aiki a gaɓar Haiti a 1994 lokacin da ake matsa wa sojojin da suka hamɓarar da shugaban ƙasar, Aristide. An sallame shi ranar 7 ga Mayu 1999, aka yanka shi a Philadelphia a 2006. 'Yan ajinsa da dama an ba Turkiyya da Masar da Poland da Bahrain. A Mayport duk shekara ana taron tunawa da mutum 37 ɗin a watan Mayu.

Mai_Nazari:
Na gode wa kowa. Malam_Tarihi, na karɓi batun dokar 1940 da Plan Dog, aiki ne babba. Amma har yanzu tarhon nan na safiyar Lahadi yana tsaye mini a rai. Brindel mintoci yake da su cikin duhu, Stark sa'o'i yake da su a ofis. In aikin alherin mutum na iya rinjayar kuskurensa har a sa wa jirgi sunansa, me ya sa daren da Brindel ya kwana yana ceton jirgi bai rinjayi nasa ba?

Abu_Fatima:
Kuma Kimmel har yau babu jirgin yaƙi mai sunansa.

Tsohon_Sojan_Ruwa:
Daren ya rinjaya ta wani gefen, ɗana. Shawarar kwamiti kotun soja ce, amma ba a kai shi ba, kuma yadda aka ceci jirgin na cikin abin da aka duba. Sai dai iyayen yaran da ke ɗakin kwanan nan za su ce maka da an juya jirgin tun farko, da ba a buƙaci jarumtar kowa ba. Ni in aka ba ni zaɓi, zan bar wa Stark sunansa a jirgi, in kuma mayar wa Kimmel taurarinsa.

Gimbiyar_Arewa:
Baba, Rogers fa? Shi me za ka yi da lambarsa?